Asali da Tarihin Sunan Shakespeare: Daga Laƙabi Zuwa Sunan Zuriya

A cikin sunayen zuriya na ƙasar Ingila akwai waɗanda suka cika gari, irin su Smith da Taylor da Brown, waɗanda duk ƙauyen da aka shiga sai an iske masu amsa su. Akwai kuma waɗanda masu su ƴan kaɗan ne, har mutum ya daɗe a ƙasar bai gamu da ko ɗaya ba. Sunan da za mu duba a wannan maƙala, watau Shakespeare, yana cikin kashi na biyu, ko da yake da wuya a sami sunan Ingilishi da ya fi shi yawo a bakin duniya. Mutum guda ne ya jawo masa wannan shahara, shi ne William Shakespeare, mawallafin wasannin kwaikwayo, wanda aka haifa a garin Stratford a 1564, ya kuma rasu a can a 1616. Masu karatun Hausa sun san shi ta hanyar Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasanninsa, aka buga a 1971.

Ba wasanninsa za mu nazarta a nan ba. Abin da ya sa muka zaɓi sunan shi ne, saboda darajar wannan mutum, manazarta sun shafe fiye da shekara 200 suna tonon kundayen coci da na kotu da na haraji, duk inda suka hangi abu mai kama da sunan sai sun kwafe shi. Ta haka aka tara wa suna ɗaya shaidar da ba a tara wa saura ba. In aka jera shaidar nan, abin da ke fitowa fili shi ne, ba masu sunan ne suka tsai da yadda ake rubuta shi ba. Magatakarda da ma'aikatan maɗaba'a da masu shirya littattafai su suka yi wannan aiki, bai kuwa kammala ba sai bayan shekara wajen 250 da rasuwar mashahurin cikinsu.

Mafarin sunayen zuriya a Ingila

Kafin 1066, shekarar da mutanen Normandi suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, mutumin ƙasar suna ɗaya gare shi. In ana so a bambanta shi da takwaransa sai a ƙara masa laƙabi, ko sunan ubansa, ko na garinsu, kamar dai yadda mukan ce Audu Dogo, ko Audu Maƙeri, ko Audu na Tasawa. Laƙabin nan tare da mai shi yake mutuwa, ɗansa ba ya gadonsa. Manyan masu ƙasa ne suka fara mai da laƙabi abin gado, domin suna da gonaki da gidaje da suke so a san na zuriyar wane ne. Daga nan al'adar ta yi ta gangarowa sannu a hankali, har ya zamana wajen 1400 akasarin talakawan kudanci da tsakiyar Ingila suna da sunan da ɗa ke karɓa daga uba. Haraji ya taimaka ƙwarai, musamman kuɗin kai da aka aza a 1377 da 1379 da 1381, tun da mai karɓar haraji ba ya son John goma a ƙauye guda ba tare da abin rarrabe su ba. A 1538 kuma Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya umarci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a cikin rajista.

Manazarta sukan raba sunayen nan gida huɗu: na wuri, na sana'a, na nasaba, da na laƙabi. A cikin na laƙabi akwai wani ƙaramin rukuni mai ban sha'awa ga ɗalibin Hausa, domin ginin kalmominsa iri ɗaya ne da na harɗaɗɗun sunayenmu, watau aikatau a gaba, karɓau na biye da shi. Shakespeare haɗin kalma biyu ne: ta farko aikatau ce mai ma'anar kaɗawa ko girgizawa, ta biyu kuwa mashi. Da Bahaushe ne ya raɗa shi, da Kaɗa-mashi zai ce. Yana da ƴan'uwa da dama. Akwai Wagstaff, Kaɗa-sanda, da Makepeace, Yi-sulhu, da Drinkwater, Sha-ruwa, wanda shi ne Boileau a Faransanci. Akwai kuma Breakspear, Karya-mashi, sunan Nicholas Breakspear, mutumin Ingila ɗaya tilo da ya taɓa zama Paparoma, daga 1154 zuwa 1159. Mu ma muna da Ci-tumu da Ci-wake da Ci-gari da Sha-rubutu a sunayen mutane, ga ci-rani da dafa-duka da hana-salla a sunayen abubuwa. Wannan kamanci ba aro ba ne, ba kuma alamar dangantaka ba ce tsakanin harsunan biyu. Hanya ce da harsuna da yawa suka bi, kowane da ƙafarsa.

To, wane irin mutum aka fara ce wa Kaɗa-mashi? William Camden, wanda ya yi rubutu a kan sunayen Ingila a 1605, yana ganin irin waɗannan sunaye daga abin da mutum ya saba riƙewa suka samo asali, watau mai mashi ne, soja ko dogari. Manazartan baya sun ƙara da cewa laƙabin na iya zama na zolaya, a ba mai cika baki wanda kullum yana wasa da makami amma ba a taɓa ganinsa a fagen fama ba. Wasu ma sun ce habaicin batsa ne. A ganinmu duk wanda ya san yadda laƙabi ke fita a dandali ko a majalisar ƙofar gida zai fi karkata ga zolaya. Ba lalle ne kuma a ce daga mutum ɗaya sunan ya fito ba, tun da an same shi da wuri a gundumomi masu nisa da juna.

Masu sunan na farko

Mutum na farko da aka samu a rubuce da wannan suna shi ne wani William Sakespere na ƙauyen Clopton a gundumar Gloucestershire, ba nisa da Stratford. Dalilin da ya sa sunansa ya shiga takarda ba abin alfahari ba ne: an rataye shi a 1248 bisa laifin fashi. A 1389 an sami wani Adam Shakespere a Baddesley Clinton, cikin gundumar Warwickshire, yana riƙe da gona a kan sharaɗin aikin soja. Daga ƙarni na 15 sunan ya yawaita a ƴan ƙauyukan da ke arewa da Stratford, irin su Rowington da Wroxall da Balsall, har wata Isabella mai wannan suna ta shugabanci gidan mata masu zaman ibada na Wroxall. Akasarinsu dai manoma ne da masu ƙananan sana'o'i.

Akwai shaida ɗaya da ke nuna yadda kunnen mutanen zamanin ke jin sunan. A 1487 wani Hugh Shakspere, malami a Kwalejin Merton ta Oxford, ya yar da sunansa ya koma amsa Sawnders, aka kuma rubuta a kundin kwalejin cewa ya yi haka ne don ana ɗaukar sunan a matsayin na ƙasƙanci. Sunan da yau ake rubutawa a ƙofar gidajen wasa da makarantu, a wancan lokaci mai ilmi kunyarsa yake ji.

Bayan shekara 109 da wannan, gidan mawallafin suka juya ma'anar ta koma abin ado. Ubansa John, mai ɗinkin safar hannu ta fata, wanda ya riƙe muƙamin shugaban garin Stratford a 1568, ya nemi tambarin zuriya irin na masu daraja, aka ba shi a watan Oktoba na 1596. Abin da aka zana a tambarin shi ne mashi a kan garkuwa mai launin zinariya, a sama kuma shaho riƙe da wani mashin. Ke nan an ɗauki fassarar da ta fi daɗin ji, ta jarumtaka, an mai da ita hoto.

Suna a hannun magatakarda

A nan ne shaidar ta fi yawa, nan kuma ta fi amfani gare mu. A rajistar cocin Stratford, ran 26 ga Afrilu 1564, an rubuta baftismar jaririn da Latinanci, aka sa sunan ubansa Shakspere. Da ya tashi aure a 1582, magatakardan bishop na Worcester ya rubuta Shaxpere ran 27 ga Nuwamba. Washegari, a wata takardar ta wannan aure, aka rubuta Shagspere. Kwana ɗaya tsakani, gari ɗaya, ango ɗaya. Abin bai tsaya ga ango ba. A takarda ta biyu an kira amarya Anne Hathwey, wadda ita ce matar da kowa ya sani, amma a ta farko an rubuta Anne Whateley ta Temple Grafton. Akasarin manazarta sun tafi a kan cewa kuskuren alƙalami ne, domin a ranar kotun tana da shari'ar wani mai suna Whateley a gabanta. Duk da haka wannan tuntuɓen alƙalami ya haifi mace sukutum wadda babu wata shaidar ta taɓa rayuwa, wasu marubuta suka yi ta ƙaga mata labarin soyayya.

Shi kansa mai sunan fa? Sa hannunsa guda 6 ne aka tabbatar: ɗaya a shaidar da ya bayar a wata kotun Landan a 1612, biyu a takardun sayen gida a unguwar Blackfriars a 1613, uku a shafuka uku na wasiyyarsa a watan Maris na 1616. A wasu ya taƙaita sunan, a wasu ya rubuta Shakspere, a na ƙarshe ana karanta Shakspeare. Babu ko ɗaya a cikin shidan da ya yi daidai da yadda duniya ke rubuta sunan a yau. Kada a ɗauki wannan a kan rashin ilmi. A lokacin babu ƙa'idar rubutu tsayayya a Ingilishi, kowa yadda ya ji a kunne yake zubawa a takarda, babu kuma mai ganin aibin mutum ya rubuta sunansa iri biyu a takarda guda. Ubansa John ma alama yake yi a maimakon sa hannu, ko da yake ya shugabanci gari.

Waɗannan rubuce-rubuce masu saɓani suna da wani amfani da rubutun ƙa'ida ba shi da shi, domin suna adana lafazi. Shaxpere da Shagspere da Shakspere duk suna nuna cewa a bakin mutanen Warwickshire wasalin gaɓar farko gajere ne. Siffar da ke da harafin e bayan k, wadda ke nuna dogon wasali, a Landan ta yi ƙarfi, a maɗaba'a. Ita aka sa a ƙarƙashin sadaukarwar littafinsa na farko da aka buga a 1593, ita ce kuma a kan babban kundin wasanninsa na 1623. Wani lokaci har karan ɗori ake sa wa a tsakiya, kamar a bangon littafin waƙoƙinsa na 1609. Wasu masana sun kawo dalili na sana'a: a baƙaƙen dalma na lokacin, in k ya haɗu da doguwar s ƙafafunsu kan gogi juna su karye, don haka mai jera baƙaƙe yakan raba su da e ko da karan ɗori. Ko wannan ne dalili ko ba shi ba, siffar maɗaba'a ce ta yi rinjaye a kan ta mai suna, lafazin yau kuma rubutun ya bi.

Rinjayen ma bai zo nan da nan ba. Nicholas Rowe a 1709 da Alexander Pope a 1725 sun buga wasannin da Shakespear, babu e a ƙarshe. Edmond Malone, wanda ya fi kowa bin tsofaffin takardu a zamaninsa, ya zaɓi Shakspeare a bugunsa na 1790. A ƙarni na 19 wasu suka ce a koma ga sa hannun mai abu, har ƙungiyar da F. J. Furnivall ya kafa a 1873 don nazarin wasannin ta sa Shakspere a sunanta. Abin da ya kashe gardamar shi ne bugun Cambridge na 1863 zuwa 1866, da ƙaramin bugu mai araha da aka ciro daga gare shi, wanda ya shiga makarantu ko'ina. Babu dokar da aka kafa, babu taron da aka kira. Littafin da yara suka fi karantawa shi ya yanke hukunci.

Ƙarewar gida da wanzuwar suna

Sunan ya ƙare a gidan mawallafin tun da wuri. Ɗansa namiji ɗaya ne, Hamnet, ya rasu a 1596 yana da shekara 11. Ƙannensa maza uku, Gilbert da Richard da Edmund, duk sun riga shi rasuwa ba su bar magaji ba. Ƴaƴansa mata biyu, Susanna da Judith, da suka yi aure sai suka koma amsa sunan mazajensu, Hall da Quiney, bisa al'adar ƙasar. Judith ta yi ƙoƙarin raya sunan ta wata hanya, ta sa wa ɗanta na fari Shakespeare a matsayin sunan yanka, amma yaron ya rasu yana jariri a 1617. Jikarsa Elizabeth, ƴar Susanna, ta yi aure sau biyu ba ta haihu ba, da rasuwarta a 1670 zuriyarsa ta yanke. Zuriyar ƙanwarsa Joan ta ci gaba, amma da sunan Hart, su ne ma suka riƙe gidan da aka haife shi har 1806. Saboda haka duk mai amsa Shakespeare a yau, kuma har yanzu a tsakiyar Ingila suka fi yawa, ba jikan mawallafin ba ne.

A cikin sauran masu sunan akwai John Shakespear, masanin harsunan Indiya, wanda ya wallafa ƙamusun Hindustani da Ingilishi a 1817, ya kuma ba da fam 2,500 a 1856 don a kula da gidan Stratford, ba tare da wata shaidar nasaba ba sai ƙaunar suna. Akwai kuma Kyaftin William Shakespear, wakilin Ingila a Kuwait, abokin Abdul'aziz ɗan Sa'ud, wanda aka kashe a yaƙin Jarrab a watan Janairu na 1915. Dukansu sun riƙe siffar da ba ta da e a ƙarshe, tun da takardun gidajensu a kanta suka tsaya.

Kamancin suna ya sha ɓad da manazarta. A wasiyyar wani attajirin Lancashire ta 1581 an ambaci wani William Shakeshafte, wasu suka ce ai mawallafin ne yana saurayi, alhali kuwa Shakeshafte suna ne sananne a wannan gunduma. Daga nesa kuma an sami masu cewa asalin sunan Shaihu Zubairu ne, mutumin Balarabe ne, maganar da ta fara a matsayin raha kafin Gaddafi ya maimaita ta a 1989. Irin wannan fassara ta kunne ba baƙuwa ba ce gare mu. Mun sha jin ta a labaran asalin sunayen garuruwanmu.

Inda abin ya shafe mu

Matakin da Ingila ta bi tsakanin 1200 da 1400 shi muke ciki yanzu, sai dai namu cikin gaggawa yake tafiya. Makarantar boko da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa suna neman suna biyu daga mutumin da al'adarsa ta ba shi sunan yanka, da sunan rana, da laƙabi, da sunan da kaka ke kiransa don alkunya. A Nijar sunan uba aka fi ɗauka, a Nijeriya an daɗe ana ɗaukar sunan gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Laƙabi ma yakan daskare: Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa babban limamin Gana a 1993, harɗaɗɗen suna yake amsawa mai ginin Kaɗa-mashi sak, an kuwa haɗe shi ya zama kalma guda.

Bambancinmu da su shi ne, magatakardan Worcester da harshen ango yake rubutu, namu kuwa da ƙa'idar wani harshe. Haka Isuhu ko Yusufu ya zama Issoufou, Sha'aibu ya zama Chaïbou, Cima ta zama Tchima, Ɗan ya rasa lanƙwasarsa ya zama Dan, Tawa ta zama Tahoua. A ƙetaren iyaka kuma waɗannan sunaye wata riga suka sa. Marubucin wannan maƙala ya ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda sunan mahaifinsu ya fito iri biyu a takardunsu, ɗaya Mahamadou ɗaya Mamadou, sai da aka kai ga shaidu kafin a yarda gadon gida ɗaya suke nema. A zamanin Shakespeare irin wannan saɓani ba ya hana kowa komai. A zamanin kwamfuta harafi ɗaya ya isa ya hana yaro jarrabawa ko ya tsai da tsoho a filin jirgi.

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aiki a kan baƙaƙe da rabon kalmomi, amma sunayen mutane a takardun hukuma sun ci gaba da bin hanyarsu ta dabam. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci yakan koyi rubuta sunansa da ƙa'idar Hausa, ya duba katinsa ya ga wani abu dabam, ya tambayi malami wanne ne nasa. Akwai kuma ƙaramar tambaya ta karan ɗori: Ci-tumu za a rubuta ko Citumu, in sunan ya tashi daga laƙabin mutum ɗaya ya zama na ƴaƴa da jikoki? A ra'ayinmu a haɗe shi ya fi, kamar yadda aka yi wa Sharubutu, a bar karan ɗori ga laƙabin da har yanzu ake jin ma'anarsa. Kafin a daidaita kuwa, ya kamata a kwafe tsofaffin siffofin yadda suke a rajistocin haraji da na makarantu na zamanin mulkin mallaka, a nuna gari da shekara. Magatakardan da ya rubuta Issoufou da Mahamadou abin da ya ji a bakin Ba'adare ko Bagobiri ya rubuta, kamar yadda na Worcester ya bar mana gajeren wasalin Warwickshire a cikin Shagspere.